Gadon jini da gadon ilimi: tarihin ƙwayar gado ta BRCA1

A shekara ta 1866 rubuce-rubuce biyu suka fito a nahiyar Turai, ba tare da wani ya lura cewa akwai dangantaka tsakaninsu ba. Na farko na wani limamin Kirista ne mai suna Gregor Mendel, mazaunin birnin Brno da ke ƙasar Cek ta yanzu, wanda ya share shekaru yana shuka wani irin wake a lambun gidan ibadarsu, yana ƙidaya yadda launi da tsawo da siffar ƙwaya ke bin zuriya daga iri zuwa iri. Na biyu kuwa littafi ne a kan ƙari, na wani likitan fiɗa Bafaranshe mai suna Paul Broca. A cikinsa Broca ya jera salsalar wani gida, wanda masana tarihi da dama ke ganin dangin matarsa ne, inda mata 10 daga cikin 24 suka rasu da sankarar nono, wato ciwon daji na mama, tun daga kaka har zuwa tattaɓa-kunne. Ya ce abin ya fi ƙarfin a kira shi katari, lalle akwai wani abu ɓoyayye da ake gadonsa.

Mendel ya gano dokar gado amma bai duba cuta ba, Broca ya ga cutar tana bin jini amma ba shi da dokar da zai fassara ta da ita. Sai da aka shekara 124 kafin a haɗa zancen mutanen biyu. Da aka haɗa shi kuwa, sai wata rigimar gado ta dabam ta taso, wadda ta kai har gaban alƙalai: shin wa ke da ikon mallakar wannan ilimi, kuma su wa za su ci moriyarsa?

Shekarun shakka

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ƙwayar jiki akwai zaruruwa 46 da ake kira kromozom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Zaruruwan an yi su da sinadarin ADN, wanda masu Turancin Ingilishi ke kira DNA, kuma shi tamkar rubutu ne mai haruffa iri huɗu kacal, da tsawonsa ya kai haruffa miliyar 3. A cikin wannan dogon rubutu akwai sassa kimanin 20,000 da kowanensu ke ɗauke da umurnin ƙera wani furotin mai aiki a jiki. Su ne ƙwayoyin gado.

Tun 1914 wani Bajamushe mai suna Theodor Boveri ya yi hasashen cewa lalacewar kromozom ce ke haifar da ƙari, amma ba a samu hanyar gwada zancensa ba a zamaninsa. A 1971 likitan Amurka Alfred Knudson ya ƙara wani tubali. Ya yi nazarin yara 48 masu wata sankarar ido, ya lura cewa waɗanda suka gaje ta suna kamuwa da wuri, sau da yawa a idanu biyu, sauran kuwa a makare, a ido ɗaya. Ya fassara abin da cewa akwai ƙwayoyin gado masu tsaron jiki daga ƙari, kuma da yake kowane mutum na da kwafi biyu, sai dukkansu sun lalace a cikin ƙwayar jiki guda sannan cuta ke tashi. Wanda aka haifa da kwafi ɗaya lalatacce, saura bugu ɗaya kawai ya rage masa.

Duk da haka, a shekarun 1970 yawancin masu bincike sun fi karkata ga cewa ƙwayoyin cuta na bairus ne ko muhalli ke kawo sankara. Sankarar idon yara ba ta da yawa, ana iya yarda gado ce. Amma sankarar nono tana ko'ina. Idan ƴan'uwa mata uku suka kamu, ai tukunya ɗaya suka ci, gida ɗaya suka tashi. Me zai sa a ɗora wa jini?

Mai lissafi da salsalar gidaje

Wadda ta ɗauki wannan tambaya ta riƙe ita ce Mary-Claire King, Ba'amurkiya da aka haifa a 1946. Lissafi ta fara karantawa kafin ta koma ilimin gado a jami'ar Berkeley ta jihar Kaliforniya. Sunanta ya fara fitowa a 1975, sa'ilin da ita da malaminta Allan Wilson suka nuna cewa furotin na mutum da na birin cimfanzi sun yi kama da kusan kashi 99 bisa ɗari. Tun daga 1974 ta soma aiki a kan sankarar nono, da makamin da ta fi ƙwarewa da shi, wato ƙidaya.

A 1988 ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon nazarin gidaje 1,579. Lissafi ya nuna cewa a kimanin kashi 4 bisa ɗari na gidajen, yadda cutar ke tafiya ya dace da dokar Mendel: ƙwayar gado guda, wadda kwafi ɗaya lalatacce ya isa ya ɗaga haɗari ƙwarai. Amma lissafi ba ya nuna mazauni. A lokacin ba a karanta rubutun gadon ɗan Adam ba tukuna, don haka dabarar ita ce a bi wasu sanannun alamomi da ke warwatse a kan kromozom, a ga wace ce ke tafiya tare da cutar daga uwa zuwa ɗiya. Suka ɗibi jinin mutane 329 daga manyan gidaje 23 da aka samu masu cutar 146 a cikinsu, suka gwada alamomi fiye da ɗari ɗaya bayan ɗaya.

Sakamakon ya daɗe yana da ruɗani, har sai da wata abokiyar aikinta, Beth Newman, ta ba da shawarar a jera gidajen bisa shekarun da matansu ke kamuwa. Nan take abin ya fito fili: a gidajen da cutar ke kama mata tun da ƙuruciya, wata alama ta kromozom na 17 tana biye da ita sau da ƙafa. King ta bayyana wannan a wani taron masana a birnin Cincinnati cikin watan Oktoba na 1990, aka buga shi a mujallar Science a watan Disamba. Shekara ta gaba, ayarin Gilbert Lenoir da Steven Narod a birnin Lyon na Faransa ya tabbatar da zancen, ya kuma nuna cewa wurin guda ne ke da hannu a sankarar jakar ƙwan mace. Aka raɗa wa ƙwayar da ake nema suna BRCA1, daga haruffan farko na sunan cutar da Ingilishi.

Tseren shekara huɗu

Sanin unguwa ba sanin gida ba ne. Yankin da King ta nuna ya ƙunshi miliyoyin haruffa da ƙwayoyin gado masu yawa, sai ɗakunan bincike na Amurka da Ingila da Faransa da Japan suka shiga tseren gano ainihin wadda ake nema. Wanda ya riga kowa shi ne Mark Skolnick na jami'ar Utah. Yana da wata taska da sauran ba su da irinta: mabiya ɗariƙar Mormon da suka kafa jihar Utah suna da yawan ƴaƴa, kuma addininsu ya ɗora musu adana sunayen kakanni, ga shi an haɗa waɗannan littattafan salsala da rajistar masu sankara ta jihar. A 1991 Skolnick da abokansa suka kafa kamfanin Myriad Genetics don samun kuɗin aikin. A watan Satumba na 1994 suka sanar da cewa sun karanta BRCA1.

A shekarar ce kuma ayarin Michael Stratton na birnin Landan, tare da wasu, suka gano mazaunin ƙwaya ta biyu a kan kromozom na 13, kuma a Disamba 1995 suka fitar da ita da sunan BRCA2. Kamfanin Myriad ya shigar da takardar neman haƙƙin mallakarta ana jajibirin fitowar rahoton na Landan.

Da aka fara karanta ƙwayoyin biyu a jinin al'ummomi dabam-dabam, sai tarihin ƙaura ya bayyana a cikinsu. A tsakanin Yahudawan da asalinsu ya fito daga tsakiya da gabashin Turai, waɗanda ake kira Ashkenazi, mutum 1 cikin 40 na ɗauke da ɗaya daga cikin wasu kurakurai uku, alhali a sauran jama'a abin bai wuce mutum 1 cikin ɗaruruwa ba. A tsibirin Aisland ma kuskure guda ne na BRCA2 ya mamaye. Dalili shi ne, idan al'umma ta tsiro daga kakanni kaɗan, ta daɗe tana aure a cikinta, to abin da kaka ɗaya ya zo da shi yakan yaɗu cikin zuriya.

Aikin da ƙwayar ke yi a jiki

Ana yawan kiran BRCA1 da sunan ƙwayar sankarar nono, amma sunan na iya ɓad da mai ji. Kowane ɗan Adam, mace da namiji, yana da ita, kuma aikinta kariya ne. Tana ƙera wani babban furotin mai gaɓoɓi 1,863. Ta biyun kuwa nata ya kai 3,418. A 1996 aka ga cewa ɓeran da aka cire wa kwafi biyu na ƙwayar yana mutuwa tun yana ɗan tayi. A 1997 Ralph Scully da David Livingston suka iske furotin ɗin yana taruwa wuri ɗaya da wani mai suna RAD51, wanda aka sani da gyaran ADN, har ma a cikin ƙwayoyin da ke zama maniyyi. A 1999 ɗakin binciken Maria Jasin a birnin New York ya tabbatar da irin gyaran da yake yi.

Duk sa'ilin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutunta baki ɗaya, kuma a cikin wannan aiki zaren yakan tsinke gaba ɗaya. Akwai hanya biyu ta gyara. Ɗaya ta gaggawa ce, a haɗa bakin da baki a liƙe, ko da wasu haruffa sun zube. Ɗayar ta natsuwa ce, irin ta marubucin da shafi ya yage masa, ya ɗauko kwafin da bai lalace ba ya ajiye a gefe, ya mai da kowane harafi mazauninsa. BRCA1 ce ke karkata ƙwayar jiki zuwa ga hanya ta biyu, BRCA2 kuma ita ke ɗora RAD51 a kan zaren da ya tsinke. In babu su, sai a yi ta liƙi, kurakurai su yi ta taruwa, har wata rana su faɗa kan ƙwayoyin gadon da ke tsai da rabuwa. Daga nan ƙari ke farawa.

Ashe abin da ake gada rauni ne a wajen gyara, kamar yadda Knudson ya hango. Macen da ta gaji kwafi ɗaya lalatacce lafiyarta ƙalau, domin ɗayan na aiki. Sai ranar da shi ma ya lalace a cikin wata ƙwayar jiki guda. Abin da ya sa nono da gaɓoɓin haihuwa suka fi shan wahala, alhali ƙwayar tana ko'ina a jiki, har yanzu masana na muhawara a kansa. Hujja mafi ƙarfi ita ce, waɗannan sassa suna amsa kiran sinadaran mace irin su istrojin, suna tsiro suna janyewa kowane wata tun daga balaga har ɗaukewar haila, ga sauyin ciki da shayarwa. Yawan kwafi kuwa shi ke kawo yawan kuskure. Tun farkon shekarun 2000 an kuma gano cewa da yawa daga cikin abin da ake kira sankarar jakar ƙwai, a bakin bututun da ke kai ƙwai mahaifa take somawa.

Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya auna haɗarin. Kafin shekara 80 da haihuwa, kimanin kashi 72 bisa ɗari na masu lalatacciyar BRCA1 suna kamuwa da sankarar nono, kashi 44 da ta jakar ƙwai. Ga masu BRCA2 kuwa kashi 69 ne da 17. Kowane ɗa ko ɗiya na mai ɗauke da ita yana tsakanin gada da tsira, rabi da rabi, kuma uba na ba da ita daidai yadda uwa ke bayarwa. Maza ma ba su kuɓuta ba, musamman da BRCA2, wadda ke ƙara musu haɗarin sankarar nono da ta furostat, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Sai dai gado bai wuce kashi 5 zuwa 10 bisa ɗari na dukkan masu sankarar nono ba.

Rigima a gaban alƙalai

Daga 1996 kamfanin Myriad ya fara sayar da gwajin jini na ƙwayoyin biyu, kuma a 1997 da 1998 hukumar Amurka ta ba shi takardun haƙƙin ƙirƙira a kansu. Da wannan ya zama shi kaɗai ke da izinin gwajin a ƙasar. Ya aika wa wasu ɗakunan bincike, har da na jami'ar Pennsylvania, takardar su daina. Kuɗin gwaji ya zarce dalar Amurka 3,000, kuma wadda ke son a sake duba sakamakonta a wani wuri ba ta da inda za ta. Hujjar kamfanin ita ce ya zuba dukiya mai yawa, in babu kariya ba wanda zai sake irin wannan kasada. Ba shi kaɗai ba ne: wani ƙiyasi na 2005 ya nuna cewa kusan kashi 20 bisa ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan Adam akwai mai riƙe da takarda a kansu.

Turjiya ta farko mai ƙarfi daga Faransa ta fito. A 2001 Cibiyar Curie ta birnin Paris ta nuna cewa gwajin kamfanin na lokacin yana tsallake wasu manyan giɓɓa a cikin BRCA1, ta kuma jagoranci ƙorafi a gaban ofishin Turai mai ba da takardun ƙirƙira. A 2004 aka soke ɗaya daga cikin takardun, kodayake an mai da ita daga baya a taƙaice. A Amurka kuwa, ƙungiyar kare ƴancin jama'a ta ACLU ta shigar da ƙara a 2009 a madadin likitoci da masu bincike da mata marasa lafiya. Shari'ar ta yi ta hawa da sauka har ta isa Kotun Ƙoli. Ana jiran hukunci, ran 14 ga Mayu 2013, ƴar wasan fim Angelina Jolie ta bayyana a jaridar New York Times cewa tana ɗauke da lalatacciyar BRCA1, mahaifiyarta ta rasu da sankara tana da shekara 56, don haka ta sa an cire mata nono biyu tun kafin cuta ta zo. Ta kuma ambaci tsadar gwajin. Ran 13 ga Yuni alƙalan tara suka yi ittifaƙi cewa ƙwayar gado kamar yadda take a jiki halitta ce, wanda ya gano ta bai ƙirƙire ta ba, don haka ba a mallakar ta, sai dai kwafin da aka sarrafa a ɗakin bincike. Babbar kotun Ostiraliya ma ta soke irin wannan mallaka a 2015. Wasu kamfanoni suka shigo, farashi ya faɗi zuwa ɗaruruwan daloli.

Daga rauni zuwa magani

Amfanin farko na gwajin rigakafi ne: sa ido da hoton nono tun da wuri, ko fiɗa. Cire nono biyu na rage haɗari da kashi 90 bisa ɗari ko fiye, cire jakar ƙwai da bututunta bayan an gama haihuwa kuma yana rage nata da kimanin kashi 80. Zaɓi ne mai nauyi, wanda ke taɓa aure da haihuwa da yadda mace ke ganin kanta.

A Afrilu 2005 ayari biyu na Ingila, na Alan Ashworth da na Thomas Helleday, suka nuna wata hanya. Ƙwayar sankarar da ta rasa BRCA tana dogaro ne da wani mai gyara na dabam, mai suna PARP. In aka toshe shi da magani, ƙwayar sankara ta rasa madafa ta mutu, lafiyayyun ƙwayoyi kuwa su tsira domin suna da sauran kwafi ɗaya. Maganin farko na wannan iri, olaparib, ya samu izini a Turai da Amurka a Disamba 2014 don sankarar jakar ƙwai, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa ta nono da ta furostat.

Rabon Afirka ta Yamma

Kusan duk wannan ilimi an gina shi ne a kan jinin Turawa. Matsalar ita ce, kuskuren rubutu ba ya da ma'ana sai an gan shi a gidaje da yawa. In an gwada ɗan Afirka aka ga bambancin da ba ya cikin kundi, sau da yawa ba a iya cewa mai cutarwa ne ko a'a, ga shi kuwa Afirka ta fi kowace nahiya bambance-bambancen gado. A 1999 ɗakin binciken King ya ba da rahoton wani kuskuren BRCA1 iri ɗaya a gidajen baƙar fata na Amurka da Bahamas da Kodebuwa, alamar kaka guda a Afirka ta Yamma, wanda zuriyarsa ta watsu a zamanin cinikin bayi.

Likita Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatu a Ibadan kafin ta koma jami'ar Chicago, ta kafa nazarin sankarar nono a Ibadan a 1998. Rahoton da ta fitar tare da King a 2018 ya duba mata 1,136 masu cutar. Kashi 7 bisa ɗari na da lalatacciyar BRCA1, kashi 4.1 na da BRCA2, adadin da ya zarce wanda aka saba gani a tsakanin Turawa. A cikin waɗanda aka san matakin cutarsu, kashi 86 bisa ɗari sun iso asibiti ne bayan ta yi nisa. Nazarin na kudu maso yammacin Nijeriya ne, ba a ɗora alƙalumansa kai tsaye a kan matan Maraɗi ko na Damagaram. Amma ya rushe tsohon zaton cewa wannan gado na Turawa ne kawai.

A Nijar, inda sai a 2021 aka buɗe sashen farko na gashin sankara da haske a Yamai, gwajin ƙwayar gado ya yi wa yawancin gidaje nisa. Abin da ke kusa shi ne makamin da Broca da King da Skolnick suka fara da shi, wato salsala. Alamomin da likitoci ke tambaya sanannu ne: mata biyu ko uku a dangi ɗaya, kamuwa kafin shekara 50, nono biyu, sankarar jakar ƙwai, ko namiji mai sankarar nono. Bahaushe ya iya jera kakanninsa, sai dai kunya kan hana a faɗi abin da ya kashe gwaggo ko inna, a ce kawai ta yi doguwar jinya. Kuma da yake uba na ba da ƙwayar, tambayar ta shafi ɗakin gwaggo kamar yadda ta shafi na inna, ba kuwa dalilin da za a tsangwami mace ko a guji auren ɗiyanta. Wadda ta san tarihin gidansu ta je awo da wuri, ta riga ta karɓi kaso mafi girma daga cikin abin da binciken shekara 150 ya bari.